Gwadon Maƙwabcina

A shekarar da muka dawo gida bayan gudun da ya kwashe mutanen Mubi, aiki ya yi mini yawa irin yadda bai taɓa yi ba. Mun fita da kayan jikinmu kawai. Wasunmu sun dawo da wuri, wasu kuwa sai da damina ta sauka, suka tarar da ƙofa a ɓalle, iska ta yaye kwano, ruwa ya shiga adaka. Abin da ɓarawo ya raina ya bari, sau da yawa shi ne mai shi ya fi so: rigar uba, zanen uwa, hular kaka. Duk wanda ya tsinci irin wannan a cikin tarkacen ɗakinsa sai ya naɗe ya nufo rumfata.

Sana'ata gyaran tsofaffin tufafi. Kakana ya zo garin nan daga ƙasar Zazzau da allura da basilla a aljihu, ya koya wa mahaifina, mahaifina ya koya mini a tsakanin karatun allo da na littattafai. Ban yi boko ba. Duk abin da zan rubuta da ajami nake rubuta shi, har wannan labarin ma haka na fara sa shi a takarda kafin a juya shi.

Mutane kan kawo abu su ce, "Malam, shekararsa nawa?" Ba na yanke shekara, don ban ga ranar da aka saƙa shi ba. Amma akwai abin da hannu ke ganewa. Zaren da mace ta kaɗa da mazari ba ya tafiya daidai, nan kauri can siriri. Na kanti kuwa sumul yake daga farko har ƙarshe. Saƙar mutanen dauri ƙwarya-ƙwarya take, wato siririn tsiri mai faɗin yatsu uku ko huɗu, sai a jera su a haɗa da allura. In na ga layin keke a wurin haɗin, na san hannun 'yan baya ya taɓa. Baban marina in ya tsufa yakan yi sanyi ya koma shuɗi mai toka-toka, rinin kanti kuwa ja-ja yake komawa. Sauran kuma aikin hanci ne: hayaƙin ɗaki, man shanu, kafur. Kullum ina gaya wa masu kaya kada su kai tsohon saƙi mayo, wato rafi, su dirje shi da garin sabulu, kada su shanya shi a tsakar rana, su riƙa canja masa ninki don kada ya karye a kan layi ɗaya, su zuba busasshen ganyen dogon yaro a adaka saboda asu, su ɗora adakar a kan duwatsu saboda gara. Ina ji da wannan sani a lokacin fiye da yadda ya kamata, Allah Ya yafe mini.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Duk unguwa Ticha muke ce masa. Ya girme ni da shekara uku ko huɗu. Fiye da shekara ashirin, in na idar da la'asar, yakan fito da kujerarsa ta roba ya zauna a bakin rumfata, ina ɗinki yana sauraron rediyo. In ya ga na ɗauki alƙalami sai ya ce, "To, Malam zai fara tafiya da baya. Kowa yana rubutu ya nufi gaba, kai kana komawa gida." Ni kuma in ce, "Shekara talatin kana dukan allo da alli, har yau maɓalli in ya cire sai ka kawo mini."

Ɗa namiji ɗaya gare shi, da mace ɗaya. Ranar gudu sun riga sun fita daga gari, yaron ya ce zai koma ya ɗauko babur don uwarsa ba za ta iya tafiyar ƙasa ba. Ba a ƙara ganinsa ba. A wancan lokacin ba ma cewa ya rasu. Cewa muke yi ana nema.

Sun dawo a makare, bayan ruwa ya zauna. Wata safiya sai ga Ticha da ƙunshi a hammata. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kwance ƙunshin a kan tabarmata. Gwado ne, farin bargon auduga mai nauyi, farin ya koma launin koko saboda tsufa, da siririn layin baba guda ɗaya a kusa da gefe. Hunhuna ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi.

Ya ce, "Malam, ruwa ya taɓa shi. Ka cire mini wannan baƙi-baƙin, ka sa ya sha iska. Shi ke nan."

Na murza zaren a tsakanin yatsuna. Na ce, "Wa ya kaɗa wannan?"

"Kakana mace. Mijinsa ya saƙa, can kan dutse, tun mota ba ya zuwa wurinmu."

"To ya girme ka, ya kuma fi ka kyan gani."

Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun dawowarsu. Ya ce za su tafi Yola wurin 'yarsa, wadda ke aikin jinya a can, don hawan jini ya kama maiɗakinsa. Sai sun dawo zai karɓa.

Hunhunar ba ta ba ni wahala ba. Na kakkaɓe ta da tsumma mai laushi, na bi ɗigon da ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, na shanya shi a inuwa kwana huɗu ina juya shi. A wurin juyawar ne idona ya tsaya a kan gefe ɗaya na tsawonsa. Bakin duk giɓi ne, wuri goma sha ɗaya, kowanne bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da mai sana'a kan ji in ya ga aiki mai kyau ya lalace. Na ce a raina, mutumin nan an kwashe masa gida, ɗansa ba labari, ni kuma ba ni da abin hannun da zan ba shi. Allura ce da ni. Bari in mayar masa da abu ɗaya cikakke kamar yadda yake a da.

Ina da ragowar wani gwado na kakata a adaka, wanda tsufansa da launinsa suka zo daidai da wannan. Na warware zarensa. Na riƙa shimfiɗa zaren tsaye a cikin kowane giɓi, ina kama tsohon zare da sabo, sannan in bi da na kwance, sama da ƙasa, kamar yadda masaƙi zai yi, sai dai da allura. Wata biyu na yi a kai. Da na gama na kira maiɗakina na ce ta nuna mini inda aka gyara. Ta duba, ta juya, ta kasa. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kafinsa ko bayansa.

Ranar da Ticha ya zo karɓa, na shimfiɗa gwadon da kaina ina jiran yabo. Bai dubi inda hunhuna take ba. Ya durƙusa ya sa yatsunsa a bakin gwadon, ya bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya dawo ya sake bi. Ya juya shi ya bi ɗaya gefen.

Ya ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Ticha. Gara ce ta ci bakin, na cike maka, ba mai gane wurin. Kyauta ce, kada ka ce komai."

Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"A gidanmu, in mutum ya mutu, ana yankar ɗan ƙyalle daga bakin gwadon nan a sa masa a hannu, a binne shi da shi. Ba coci ya ce ba, tun kafin coci ne. Babana ya shiga coci, amma bai bar wannan ba. Inda aka yanka wa mutum, nan ne wurinsa. Kakannina ba su da rubutu, ba naka ba, ba nawa ba. Kaburburansu suna can kan dutse, wasu ni kaina ban san inda suke ba. In ina so in gaishe su, nan nake sa hannu."

Na ce ya bar mini shi, zan warware abin da na yi.

Ya ce, "Ka san inda ka yi? Kai da kanka ka ce ba mai ganewa."

Na sake duban bakin gwadon, ni ma ban gane inda na yi ba.

Ya ninke gwadon a hankali, ya miƙe. "Na ce ka sa ya sha iska, Malam. Kada ka ƙara sa masa allura."

Ba mu yi faɗa ba. Da mun yi, wataƙila da ya fi sauƙi. Gaisuwa ba ta yanke ba. In Sallah ta zo abincinmu na shiga gidansa, in Kirsimeti ta zo nasu na shigowa. Amma kujerar roba ba ta ƙara fitowa bakin rumfata ba. Nakan ji rediyonsa ta bayan katanga bayan la'asar. Sau biyu na shiga na ba shi haƙuri, sau biyu ya ce, "Ba komai, Malam," da irin muryar da ake gaya wa baƙo. Na san haƙƙinsa na wuyana. Ya ba ni amana da magana a fili, na ƙara abin da ba a sa ni ba. Na yi istigfari, amma duk wanda ya yi karatu ya san haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, kuma "ba komai" ɗin nan ba yafiya ba ce.

A shekara ta huɗu maiɗakinsa ta rasu. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina ajiye wa ɗanta kwanon abinci ba. Na je na zauna a kan benci cikin mutanen cocinsu, na yi masa gaisuwa, ya karɓa da hannu biyu. Ban tambayi gwado ba. Ba ni da bakin tambaya.

Shekara tara cif bayan wancan aiki, wata safiya ina shara a rumfa, sai ga 'yarsa da ƙunshi a kai. Ta baro Yola ta dawo gida don ciwon suga ya cinye idon mahaifinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye ƙunshin.

"Baba Malam, Baba ya ce in kawo maka."

"Me ya ce in yi?"

"Bai ce ba. Na tambaye shi, ya ce kai ka sani."

Na ce ta zauna. Ta ce tun da idon ya tafi, kullum sai ya sa ta ɗauko masa gwadon. Yana so ya nuna mata wurin kowa kafin ya tafi, don ita kaɗai ta rage, amma sai ya yi ta shafa bakin, ya ce nan ne, a'a nan ne, daga baya ya ture shi ya juya fuska bango. Ta ce ranar da mamanta ta rasu ya fito da shi da wuƙa a hannu, ya daɗe a tsaye, ya mayar. Bai san inda babu kowa ba, yana tsoron ya yanka a kan wurin wani. Haka aka binne ta hannu wofi.

Wannan ban taɓa sani ba sai ranar. Na ce mata, "Mutum nawa ne?"

"Shida na sani. Kakan Baba da matarsa, babansa, mamansa, ƙanin babansa, da yayata da ta mutu tana jaririya."

Da ta tafi na shimfiɗa gwadon na duba. Idona ni ma ya yi rauni, tabarau biyu na canja a shekarun nan. Na yi zaton shekara tara za ta tona aikina, sabon wuri ya bambanta da tsoho. Bai bambanta ba. Zaren kakata ya tsufa tare da nasu kamar tare aka haife su.

Mahaifina ya koya mini wata ɗabi'a: duk kayan da aka kawo, kafin ka taɓa, ka rubuta yadda ka same shi a 'yar takarda, don kada gobe a ce kai ka ɓata. Irin waɗannan takardun suna cike da gafaka biyu a ɗakina, ba tsari. Kwana biyu ina zazzage su. Na sami ta gwadon a bayan takardar buhun siminti, da rubutuna na lokacin da hannuna bai fara rawa ba. Na rubuta: gwadon maƙwabci, wuri goma sha ɗaya, shida bakinsu a miƙe kamar an sa wuƙa, huɗu cin gara, ɗaya cin ɓera. A ƙasa na jera awon kowanne, taƙi kaza da yatsa kaza daga kusurwar da layin baba ya ƙare.

Na karanta layin nan na wuƙa ban san sau nawa ba. Shekara tara ina gaya wa kaina kuskure na yi, na ɗauka gara ce. Ga hannuna yana shaida cewa na gani. Na san gara ba ta yanka a miƙe. Na gani, na rubuta, ban jira mai shi ya dawo na tambaye shi ba, don aikin ya riga ya shiga raina, ina so a ga abin da zan iya. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Awon ya kai ni kusa da kowane wuri, amma bai nuna mini iyakar zarena da nasu ba. In na yanka da ka, zan yanki na kakarsa. Na je kasuwa na aro gilashin da mai gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Na zauna a bakin rumfa da hantsi, na ɗora gwadon a gwiwa, ina bin zare ɗaya-ɗaya. A rana ta uku na ga abin da ban lura da shi ba a da. Murɗin zaren ba ɗaya ba ne. Yawancinsa ya karkata hagu, amma a daidai inda awona ya nuna, sai ga 'yan zarurruka sun karkata dama. Na aika a tambayi Ticha, da wane hannu kakarsa ke murza mazari. 'Yarsa ta dawo tana 'yar dariya, ta ce ya ce bahaguwa ce, har tuwo da hagu take ci in ba baƙo. Kakata kuwa da dama take kaɗi, kamar yawancin mata.

Daga nan aiki ya zama na haƙuri kawai. In rana ta ɗaga in fara, kafin azahar in tsaya don idon ya fara ruwa. In ɗaga zare da bakin allura, in duba murɗinsa, in na dama ne in tsinke shi da reza in zare. Abin da na saƙa a wata biyu da farin ciki, na warware shi a sati uku. Sau ɗaya reza ta zame na tsinke nasu; na ƙulla shi, na kuma yi niyyar faɗa. Bakin kowane giɓi ya fito yadda yake, a miƙe, har da ɗan karkacewar wuƙar wanda ya yanka. Shida na buɗe. Na bar na gara da na ɓera a cike, don waɗannan ɓarna ce, ba wurin kowa ba.

Na kai masa da kaina da safe. Yana zaune a tsakar gida a gindin gwanda, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai. Na yi sallama.

Ya ce, "Malam ne? Tafiyarka ta canja. Kana jan ƙafa."

"Tsufa ne, Ticha."

"Kai da kake yaro. Zauna."

'Yarsa ta shimfiɗa masa gwadon a cinya, ta kama hannunsa ta ɗora a kusurwa. Ya fara bi. Da yatsarsa ta faɗa giɓin farko sai ya tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi suna da yarensu. Ya sa 'yar ta sa nata yatsan a wurin ta maimaita. Ya wuce na biyu. Haka har shida. Na gaya masa zaren da na tsinke a wuri na huɗu. Ya shafa ƙullin ya ce na mamansa ne, ita ba mai riƙo ba ce.

Bayan na shida bai janye hannu ba. Ya ci gaba da bi har ƙarshen gwadon, ya dawo, ya sake bi.

"Saura ɗaya."

'Yar ta ce, "Baba, shida ne. Kai ka gaya mini."

"Bakwai ne."

Na fito da takardata na karanta masa abin da ke ciki, har da layin wuƙa, ban ɓoye ba. Na ce sauran huɗu gara ce, ɗaya ɓera.

Ya ce, "Na ɓeran yana ina?"

"Can ƙarshe, taƙi ɗaya kafin kusurwa. Bakinsa a tattaune yake, zaren duk a jajjaye."

Ya gyaɗa kai. "Ni ne ɓeran."

Ya juya fuskarsa wajen 'yarsa.

"Da muka dawo, wani mutum ya same ni a kasuwa. Ya ce ya ga ɗan'uwanki ranar gudu, a hanyar garin Uba, a kwance kusa da babur, ba rai. Ya ce ya tabbata, ya san shi, ya koyar da shi a sakandare. Bai iya tsayawa ba. Da aka koma ba a samu kowa a wurin ba. Mamanki yana jira, in na faɗa zai mutu a ranar. Na ɗauki gwadon na ce zan kai wa Malam. Na wuce gonarmu na Digil tukuna. Da na isa na ga ban ɗauko wuƙa ba. In na koma gida ɗauka, ba zan iya sake fitowa ba. Na sa haƙori."

Ya ce ya tona rami a gindin tsamiyar da ke kan iyaka, ya sa ƙyallen, ya karanta abin da ya iya na addu'a, ya rufe. Daga can ya zo rumfata kai tsaye. Safiyar da na tsokane shi ya yi murmushi, daga jana'izar ɗansa yake.

'Yar ta sa mayafi ta rufe fuska. Kukanta ba ƙara, kafaɗunta kawai ke motsi. Ya lalubo kanta ya dafa.

Ban nemi izinin komawa rumfa ba. Gilashin da reza da allura suna aljihuna. Na jawo kujera zuwa inda rana ke faɗowa, na ɗauki ƙarshen gwadon, sauran yana cinyarsa. Wannan wurin ya fi sauran wuya, don bakin ba layi ba ne, tsohon zaren ya shiga nawa ta ko'ina, wani dogo wani gajere, yadda haƙori ya bar shi. Da farko da na cike shi, na yi niyyar datse waɗannan jelolin don aikin ya yi tsabta, sai na ga sun fi riƙe sabon zare, na bar su. Na gode wa Allah da Ya hana ni. Aka kira azahar, na shiga gidana na yi salla na dawo. Sai dab da la'asar na zare na ƙarshe.

Na kama hannunsa na kai wurin. Ya sa yatsu biyu a ciki, ya shafa jelolin zaren ɗaya bayan ɗaya. Bai faɗi sunan da ƙarfi ba, leɓensa kawai na ga ya motsa. Sannan ya jawo hannun 'yarsa ya ɗora a kan nasa.

Can ya ce, "Malam, tsakanin na jaririyar da wannan, akwai fili?"

Na duba. Na ce akwai kamar taƙi ɗaya, sai dai a tsakiyarsa akwai cin gara da na cike.

"Ba na so a kan naka. Inda zaren kakana yake zalla."

Na nuna masa, na sa babban yatsansa a farkon wurin, manuninsa a ƙarshe. Ya ce wa 'yar ta kawo wuƙar mamanta ta kicin. Da ta kawo, ya riƙe ta.

"Kama mini, kada in karkace."

Ban san yadda malamaina za su dubi wannan ba, ban kuma tsaya tunani ba a lokacin. Na ga makaho ne zai yanka abu a cinyarsa. Na ɗora hannuna a kan nasa, shi ya danna, ni na tsare layin. Ƙyallen ya fita, faɗin yatsu biyu. Ya miƙa wa 'yar ya ce gobe ta kai kabarin mamanta, ta tona kaɗan ta wajen dama.

Na tattara zarurrukan da na zare daga ƙasa, na dunƙule su a hannu, na miƙe. Na ce, "Ticha, na zo ne ka yafe mini. Ba 'ba komai' nake nema ba."

Ya daɗe yana shafa gwadon.

"Na ji haushinka, Malam. Ba kaɗan ba. Rabinsa naka ne, rabi kuma don ba ni da wanda zan gaya wa. Da na gaya maka ranar, da ka warware tun idonka yana gani." Ya miƙo hannu wajen da yake jin muryata, na kama. "Na yafe. Duniya da can. Ba ka riƙe da komai nawa."

Na ce na gode, Allah Ya ba shi haƙurin abin da ya ɗauka shi kaɗai. Ya ce amin. Ladan ya kira la'asar, na saki hannunsa na fita.